Fentin rufin tsohuwar Land Rover: abin da masu fentin Zariya suka ce

A hirar da aka yi da masu fentin mota na Sabon Gari da Tudun Wada kan rufin Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a kwance rufin a sauke shi ƙasa kafin a taɓa shi.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar ƙarfen. Rufin na alminiyon ne, fenti ba ya kama shi kai tsaye. Sai an goge da sanfefa mai laushi, a fesa fentin ƙasa, wato shafin farko, na musamman mai kama alminiyon, sannan a bi da launi. Burushin waya na baƙin ƙarfe kuwa, a nisance shi, domin ɓurɓushinsa na cinye alminiyon.

A kan launi aka ɗan ja. Matasa na son baƙi, dattawan sana'ar suka tsaya a kan fari ko ruwan madara, kuma ina bayansu, saboda zafin Maris da Afrilu. Fenti mai hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri, ya fi jure rana, amma hayaƙinsa na cutar da huhu, dole a sa takunkumin da ake turo wa iska mai tsafta ta bututu. Kada a fesa a fili lokacin ƙurar hunturu.