Digirin Shari'ar Amurka ta Intanet: Na Boge Ne Ko Na Gaske?

Issufu Maraɗi: 'Yan uwa, na karanta shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, sannan na sayar da filin da na gada domin in biya wata jami'ar Amurka kuɗin digiri na biyu, wato LL.M., ta intanet. Shekara biyu ina tashi ƙarfe ɗaya na dare saboda bambancin lokaci, wani zubin da hasken waya idan an ɗauke wuta. Bayan na gama ne na gano cewa jihar New York ba ta ƙirga darasin da aka yi daga nesa, sai an zauna a aji an cika kiredit 24, wato ma'aunin yawan darussan da aka ɗauka, kafin ta bar irina ya rubuta jarrabawar zama lauya. Ashe takardar boge na saya.

Barista Hadiza: Malam Issufu, Allah ya mayar maka da alheri, amma kalmar "boge" ba ta dace ba. Boge shi ne abin da aka ƙirƙira ba tare da izini ba, alhali jami'o'i irin su Washington da ke St. Louis sun daɗe suna bayar da wannan digiri ta intanet a bainar jama'a.

Malam Nasiru: Barista, ko a kasuwar Kwari idan aka sayar maka da yadi da sunan shadda ya ƙi yin aikin shadda, boge muke ce masa, kuma babu wanda zai tambaye ka lasisin masaƙa.

Barista Hadiza: Kai da ba ka taɓa taka Makarantar Lauyoyi ta Bagauda ba, bai kamata ka fassara mana kalmar da take da hukunci a kotu ba.

Malam Nasiru: Da wannan girman kan ne aka yi shekaru ana hana ɗaliban shari'a na NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, shiga Makarantar Lauyoyi, don kawai daga nesa suka yi karatu.

Barista Auwal: Matsalar ba ta intanet kaɗai ba ce, daga Yamai ta taso. Tsarin shari'ar Nijar na Faransa ne, namu kuwa na Ingila ne, wanda shi ne tushen na New York, shi ya sa mai digirin Najeriya yakan samu New York ta duba takardunsa ta amince ba tare da LL.M. ba.

Hajiya Ramatu Damagaram: Ranka ya daɗe, kana nufin karatunmu ne na boge kenan? Ku 'yan Najeriya kullum sai kun nuna cewa naku ya fi.

Issufu Maraɗi: Ni dai tambayata ita ce ko akwai jihar da za ta karɓe ni.

Barista Auwal: California tana barin wanda aka riga aka rantsar a matsayin lauya a ƙasarsa ya rubuta jarrabawar zama lauya. Hajiya kuma, ban ce ya fi ba, na ce ya bambanta.

Barista Sani, mai kula da zaure: A taƙaice, masana a cikinmu sun tabbatar da cewa digirin sahihi ne, kuma sakaci na Malam Issufu ne da bai nemi shawarar lauya ba. Ra'ayin waɗanda ba lauyoyi ba mun ji shi. An rufe wannan batu.