Lissafin galan da lita a injin ban ruwa ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum. Ina noman albasa na rani a kusa da Marwa, kuma gonata rubu'in hekta ce, wato murabba'in mita 2,500. Malamin gona ya ce in ba ta ruwa mai zurfin milimita 30 a kowane shayi (wato ban ruwa), wanda a lissafina ya kama lita 75,000, tun da milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce.

A jikin injin da na saya an rubuta galan 260 a minti ɗaya, ba tare da an faɗi ko galan ɗin Amurka ne ko na Ingila ba. Da na yi aiki da na Amurka, mai lita 3.785, sai na samu kusan lita 984 a minti, wato shayin zai ɗauki minti 76. Da na Ingila kuwa, mai lita 4.546, ya sauko zuwa minti 63.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gwajin da na yi da kaina. Na sa bakin tiyo a duro mai lita 200, ya cika cikin daƙiƙa 20, sau uku ina maimaitawa, wanda ke nufin lita 600 kacal a minti da shayi na minti 125. Man fetur na ƙarewa, kuma kwamin da ke ƙarshen gona na bushewa. Ruwan rijiyar yana zurfin mita 6, tiyon kuma tsawonsa mita 40.

Shin kuskuren yana cikin juya galan zuwa lita ne, ko kuwa zurfin rijiya da tsawon tiyo ne suka rage ruwan? Na gode.