Pre-K na kyauta ko nazare mai kuɗi? Abin da iyayenmu na New York suka gani

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokacin cike fom ya matso, tambayar nan kuma ta dawo: ɗan shekara huɗu, a kai shi Pre-K, wato ajin share fagen shiga firamare na gwamnati da ba a biyan ko sisi, ko a ci gaba da biyan nazare mai zaman kanta inda ake koyo ta hanyar wasa? Wanda ya san kan abin ya taimaka, dalla-dalla.

Malama daga Bronx: Wa alaikumus salam. Hajiya, mu fara gyara tambayar. Ana ɗauka wasa na masu kuɗi ne, na gwamnati kuwa zaman benci da kwafar baƙaƙe. A birnin nan ba haka ba ne. Pre-K ɗin da aka buɗe wa kowa daga 2014, zamanin magajin gari de Blasio, iri uku ne: aji a cikin firamaren gwamnati, cibiyar ma'aikatar ilimi ta ƙananan yara zalla, sai cibiya mai zaman kanta da gwamnati ke biya wa kujeru. Ke nan nazaren da ranki ya kwanta da ita ma tana iya zama da kujerun kyauta. A tambaye su.

Ranar ziyara kada allon ƙofa ya ruɗe ki. Duba jadawalin da ke manne a bango, ki nemi lokaci mai tsawo a jere, kamar awa guda, da yara ke zaɓar kusurwar da suke so: tubalan katako, teburin yashi da ruwa, ɗan kicin na wasa, fenti. Sannan ki kalli zanen yara. In kin ga kaza goma sha takwas, duk jiki ɗaya launi ɗaya, hannun malama ne. Ajin da ake wasa da gaske yana da hayaniya, kuma za ki ga malama ta durƙusa daidai tsayin yaro tana tambayarsa me yake ginawa. Aji na gwamnati galibi yara 18 ne da malama da mataimakiya. Masu kuɗi wasu yaransu ba su kai haka ba, wasu kuwa daidai suke, don haka ki ƙirga kawuna da kanki. Ki kuma tambayi shekara nawa malamar ta yi a wurin. Inda malamai ke canjawa tsakiyar zango, sunan Montessori, wato wani sanannen salon koyar da ƙananan yara, ba ya gyara komai.

Direban Dare: Malama ta yi bayanin aji, ni bari in yi na agogo, don nan ake faɗuwa. Kujerar kyauta awa 6 da minti 20 ce, kwana 180 a shekara. A shiga wajen ƙarfe takwas, a tashi wajen biyu da rabi. Babu motar makaranta sai ga yaron da takardarsa ta buƙata ta musamman ta tanada. Yuli da Agusta a rufe, ga hutun ƙarshen Disamba, ga na Fabrairu, ga na bazara. Gidan da uwa ke shagon kitso ko aikin jinya a gidajen mutane, uba kuma yana barcin rana, wa zai ɗauko yaro? A rubuta kuɗin riƙon yamma da na watannin hutu, a haɗa na shekara, sannan a gwada da na nazare. A can ma a bincika, wasu daga tara zuwa sha biyu suke yi, kwana uku a mako. Akwai kujerun gwamnati na dogon yini, har awa 10, shekara zagaye, da kuma Head Start, shirin gwamnatin tarayya na ƙananan yara, amma su ana duba kuɗin shigar gida.

Baban Yara a Harlem: Cikewa a MySchools, shafin intanet na ma'aikatar ilimi, ake yi, ko ta waya, ko a ofishin karɓar iyalai. Galibi ana buɗewa a Janairu, a rufe ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, sakamako ya fito a Mayu. Ba rige-rige ba ne, wanda ya cike ranar farko da na ranar ƙarshe ɗaya suke. Ana jera makarantu da dama, kuma a jera su yadda ake son su da gaske. In an ba ka ta huɗu, kai tsaye kana layin jira na ukun da ke samanta, karɓar ta huɗun ba ya cire ka. Mai yaya a makarantar da wanda ya yi 3-K, ajin 'yan shekara uku, a cibiyar suna gaba.

Tarkon shi ne nazarorin kuɗi da yawa suna neman sa hannu da kafin alƙalami tun kafin Mayu. Kuɗin ba ya dawowa, wata yarjejeniyar ma tana ɗaure ka da na shekara ko ka cire yaro. A nemo sakin layin janyewa, a karanta ranar da aka sa.

Malama daga Bronx: Alhaji, ka bar ɗaya. Zaman yaro a Pre-K na wata firamare bai ba shi tabbacin kujerar aji na gaba a can ba. Sai an sake cikewa, kuma yaran da makarantar ke yankinsu ne a gaba. Sai maganar haihuwa: gwamnati na bin shekarar haihuwa har 31 ga Disamba, don haka haihuwar Disamba zai shiga a Satumba bai cika huɗu ba, tare da wanda ya girme shi da wata goma sha ɗaya. Masu kuɗi da yawa 1 ga Satumba suke yankewa. Amma riƙe shi a nazare ba lallai ya jinkirta masa ba, don in ya dawo na gwamnati da wuya a bar shi a ajin da ke ƙasa da shekarar haihuwarsa.

Gwaggo Mai Kitso: Ga masu jin tsoro: ba a tambayar takardar zaman ƙasa. Shaidar haihuwa ko fasfo, katin rigakafi, da shaidar adireshi guda biyu. Allurar mura dole ce kafin 31 ga Disamba. Yaron da bai gama koyon zuwa bayi ba, na gwamnati ba sa korarsa, wasu masu kuɗi kuwa sharaɗi ne. Abinci kyauta ne, sai dai na halal ba kowace makaranta ba, a tambayi kicin ko a ƙulla masa daga gida. Makarantun gwamnati na hutun Sallah ƙarama da babba, cibiyoyi masu zaman kansu kuwa a karɓi kalandarsu a duba.

Maman Tagwaye: Malama, yaron da bakinsa ya yi nauyi fa? Ana cewa a daina yi masa Hausa.

Malama daga Bronx: Kada ki daina, Hajiya. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Ki rubuta wa kwamitin ilimi na musamman na gundumarku ki nemi a gwada shi. Gwajin kyauta ne ko a nazaren kuɗi yake. Ki rubuta a wasiƙar cewa Hausa ake yi a gida, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi.