Neman shawara: izinin zamana ya koma na intanet, ga shi ina son neman zama 'yar ƙasar Birtaniya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu izinin zama na dindindin a Birtaniya, kuma a watan gobe zai cika shekara ɗaya, saboda haka nake shirin neman takardar zama 'yar ƙasa. Katina na BRP, wato katin shaidar izinin zama, ya daina aiki tun ranar 31 ga Disamba 2024 kamar na kowa, yanzu ba ni da wata shaida a hannu sai eVisa, wato shaidar izinin zama ta intanet, da ke cikin asusuna na UKVI, hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya. Abin da ke damuna shi ne na sabunta fasfo bayan na yi aure, sunan da ke cikinsa ya ɗan bambanta da wanda ke cikin asusun, wanda har yanzu yake ɗauke da lambar tsohon fasfo. Shin in tura takardun a haka, ko in fara gyarawa? Kuɗin ba kaɗan ba ne, ina tsoron a ƙi amincewa su tafi a banza.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki tura komai sai kin gyara. Komawar izini zuwa intanet bai canza sharuɗɗan zama ɗan ƙasa ba, amma ya canza inda shaidarki take, domin a yanzu abin da ma'aikacin da ke duba takardunki zai gani a kwamfutarsa shi ne hujjarki. Idan ya ga suna ɗaya a fasfo, wani sunan a asusu, dole ya tsaya ya nemi ƙarin bayani, kuma aikin da yawanci ake kammalawa cikin wata shida sai ya ja lokaci. Ki shiga asusun ki sanya sabon fasfon, ki tanadi takardar aure domin ita ce ke haɗa sunayen biyu, sannan ki jira har gyaran ya bayyana. Ki kuma duba ranar haihuwa da ƙasar asali da kyau, musamman tunda sunan da ke kan takardar zama 'yar ƙasa shi ne zai bi ki zuwa fasfon Birtaniya.

Amsa ta biyu: Hajiya, na yarda da abin da yayanmu ya faɗa, sai dai ni abin da na fi jiye miki shi ne lissafin kwanaki. Mutane da yawa suna zaton tunda komai ya koma kwamfuta, hukuma za ta cike musu tarihin tafiye-tafiyensu, alhali ke ce za ki rubuta kowace fita da dawowa da hannunki. Doka ta ce kada kwanakin da kika yi a waje su wuce 450 cikin shekara biyar, kuma kada su wuce 90 a wata goma sha biyu na ƙarshe. Akwai kuma sharaɗin da ake yawan mantawa da shi: dole ya kasance kina cikin ƙasar a ranar da ta yi daidai da shekara biyar kafin ranar da takardunki suka isa gare su. Tunda Birtaniya ba ta buga hatimin fita a fasfo, ki tattara tikitocin jirgi da saƙonnin imel, ko ki nemi Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba ki bayanan da ta adana a kanki, wanda kyauta ne. Idan maigidanki ɗan ƙasa ne, lissafin ya koma kwana 270 cikin shekara uku, kuma ba sai kin jira cikar shekara ɗaya da samun izinin dindindin ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Maigida ba ɗan ƙasa ba ne, don haka na shekara biyar ne nawa. To tsohon katin fa, in jefar da shi?

Amsa ta uku: A'a ƙanwata, ki adana shi tare da tsohon fasfo da wasiƙar da aka sanar da ke samun izinin dindindin, domin ranar da ke jikinta ce za ki kafa lissafin wata goma sha biyu a kai. Sannan ki lura da abin da ke biyo bayan bikin rantsuwar zama 'yar ƙasa, wanda ake so a yi cikin wata uku da samun gayyata. Daga ranar kin zama 'yar ƙasa, eVisa ba ta da sauran amfani gare ki, kuma ba a shiga ƙasar da takardar zama ɗan ƙasa ita kaɗai. Kina buƙatar fasfon Birtaniya, ko shaidar 'yancin zama da ake haɗawa da fasfonki na asali. Idan kina da niyyar Umara ko ziyarar gida, ki yi tafiyar kafin rantsuwa, ko kuma ki jinkirta ta har sabon fasfo ya iso hannunki.