Neman Shawara: Ƙaramar Ikilisiya a Nima, Yaya Za Mu Shiga Cikin Maƙwabta?

Mai bishara, Nima:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ina kula da wata ƙaramar ikilisiya a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Gana, wadda yawancin mutanenta 'yan arewacin Gana ne, Kusasi da Frafra da Dagarti, kuma da Hausa muke sujada domin ita ce ta haɗa mu. Ɗaki ɗaya muke haya, baikon da muke tarawa kuwa da ƙyar yake biyan haya da kuɗin wuta. Maƙwabtanmu kusan duk Musulmi ne, muna gaisawa da su, amma daga gaisuwa babu wani abu. Matasanmu suna son mu sayi lasifika mu riƙa wa'azi a bakin titi, dattawa kuma sun ce baƙin jini za mu jawo wa kanmu. Wace hanya ce ta dace da masu ƙaramin ƙarfi irinmu?

Dattijon ikilisiya, Mamobi:
Ɗana, a ajiye maganar lasifika tukuna. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan, amma a cikin zango ku ne ƙalilan, kuma wanda ya zo ya tarar da mutane shi ne yake fara kai gaisuwa. Ka ɗauki dattawa biyu da ƙwaryar goro, ku je wurin sarkin unguwa da limamin masallacin da ke kusa da ku, ku bayyana ko ku su wane ne da lokutan sujadarku, sannan ku tambaye su abin da yake damun unguwa. Bayan haka kada suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki ya wuce ku. Ku zauna a kan benci tare da jama'a, ku jefa gudummawarku komai ƙanƙantarta, domin a zango ba a manta wanda ya zo ta'aziyya. Ka tuna cewa a 2019 Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya taka har cocin Katolika na Christ the King a ranar Ista, a lokacin da yake cika shekara 100. Idan babba ya buɗe wannan ƙofa, ba mu ne za mu rufe ta da ƙara ba. Ita lasifikar ma, a kowace shekara sai ta yi kusan wata guda a ajiye, sa'ad da sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, suka hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo.

Ma'aikaciyar jinya, Madina:
Na goyi bayan Baba, sai dai ina so in ƙara abin da ba ya bukatar kuɗi. Tsofaffi da yawa da 'yan matan da ke dako a kasuwa, waɗanda ake kira kayayei, katin inshorar lafiyarsu ya daɗe da mutuwa, alhali ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Ku sa tebur a ƙofar coci ranar Asabar, matasa biyu masu waya su taimaka wa duk wanda ya zo, mai ilimin jinya a cikinku kuma ya auna hawan jini ya tura mai bukata asibiti. Kafin damina kuma ku fito da shebur da baro ku shiga aikin gayya na yashe magudanan ruwa tare da matasan masallaci. Duk wanda ya ga kwalarar 2014 da ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san abin da toshewar kwata take haifarwa.

Malamin makaranta, Sabon Zango:
Ɗakin nan da ke kulle daga Litinin zuwa Juma'a zai iya zama ajin yamma na lissafi da Turanci ga yaran da za su rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Amma ku gaya wa iyaye a fili abin da za a koyar, kada kuma a yi wa ɗan wani wa'azi a bayan idon iyayensa.

Wani matashi, Nima:
Iyayena, ku yi mini haƙuri, amma idan aka tsaya ga shara da awon jini, ina bambancinmu da ƙungiyar agaji? Ai bishara aka aiko mu.

Dattijon ikilisiya, Mamobi:
Tambayarka tana kan hanya, ɗana, kuma babu wanda ya ce ku ɓoye ko ku su wane ne. Sunan cocinku yana nan a ƙofa, waƙoƙinku ana jin su ranar Lahadi. Abin da nake hanawa shi ne a mai da taimako tarko, a ce sai mutum ya zauna ya ji wa'azi kafin a duba masa kati. A 1 Bitrus 3:15 an umarce mu mu kasance a shirye mu amsa wa mai tambaya dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi, kuma maƙwabcin da kuka yi gumi tare a bakin kwata shi ne zai yi wannan tambaya.

Mai bishara, Nima:
Na gode, Baba da Mama da Malam. Zan kai wa dattawa maganar gaisuwar sarki da liman bayan sujadar Lahadi, kuɗin lasifika kuma mu sayi na'urar awon jini da shebur. Mama, idan akwai wata abokiyar aikinki a ɓangaren Nima da za ta iya ba mu safiyar Asabar, ina roƙo ki haɗa mu.