Kafin a cire ƙofar ɗakin gilashi a Ingila

Masu gidaje a Ingila da suka tattauna batun haɗe tsohon ɗakin gilashi (ɗaki mai bango da rufin gilashi da ake ƙarawa a jikin gida) da falo, bakinsu ya zo ɗaya kan ƙofar tsakani. Ɗakin da bai kai murabba'in mita 30 ba, dokar gini na ɗaga masa ƙafa ne muddin ƙofar tana nan kuma na'urar ɗumama shi daban take. Da an cire ta, sai an nemi amincewar masu duba gini, a nuna lissafin ɗumin da zai riƙa zurarewa.

Wasu suka ce a haƙa gefen harsashi tukuna, don na dā sau da yawa ba shi da zurfin ɗaukar rufi mai nauyi in za a sauya rufin gilashin. Ni dai takardar kammala aiki da masu duba gini ke bayarwa ta fi damuna: in za a sayar da gidan, lauyan mai saye zai nemi ganinta.