Wa ke zaɓa mana abin da muke kalla a waya?

Mai Gyaran Waya: Salamu alaikum jama'a. Masu kukan TikTok na turo musu shirme su daina ɗora wa manhaja laifi. Abin da ka saba tsayawa a kai shi ake ƙaro maka. Kamfanin da kansa ya bayyana a 2020 cewa kallon bidiyo har ƙarshe na cikin alamomin da suka fi nauyi wajen zaɓen. Mai kallon tafsiri, tafsiri zai riƙa gani.

Malamar Islamiyya: Wa'alaikumus salam. Ban yarda ba, Malam. Tsayawa daban, so daban. In faɗa ya kaure a bakin titi kowa sai ya tsaya kallo, har da wanda abin ya ɓata wa rai. Na'ura ba ta san wanda takaici ya tsayar ba, daƙiƙoƙi kawai take ƙirgawa.

Ɗalibin Kwamfuta: Malama ta faɗi gaskiya. Tun 2012 YouTube ya koma auna daɗewar mutum yana kallo. A 2018 Neal Mohan, shugaban YouTube na yanzu, ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo daga bidiyon da manhajar ta miƙo ne, ba wanda mutum ya nema ba. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 kuma sun nuna akwai lokacin da Facebook ke ba alamar fushi nauyin alamar babban yatsa sau biyar. To me zai hana zagi yaɗuwa?

Mai Atamfa: Ni dai ba zan tsine wa TikTok ba. Akwai matan da ba su taɓa taka Kantin Kwari ba, amma sun ga kayana suna zaune a ɗaki sun saya. Abin da ke damuna, in na ɗauki yadi na kusanto da shi ana ganin saƙarsa, na faɗi farashi, bidiyon ba ya zuwa ko'ina. Sai an sa kiɗa ana juyi yake tafiya.

Mai Gyaran Waya: Hajiya, ai ta ɓangaren mai kallo akwai mafita. Ki danne bidiyon da ba ki so, ki zaɓi kada a ƙara nuna miki irinsa.

Malamar Islamiyya: Hajiya babba ce, za ta iya. Yaron da aka miƙa wa wayar uwarsa bayan Isha'i fa, Malam, shi ma dannewa zai yi?